Yadda Na Bi Sawun Jack Worrall, Kocin Farko a Ƙwallon Ostareliya

A ƙungiyarmu ta masu rubuta bayanan ilimi da Hausa a intanet, idan an zo rabon aiki akan duba inda mutum yake zaune. Ni ina Melbourne wajen karatu, don haka aka ɗora mini ƙwallon Ostareliya, aka ce in zaɓi mutum ɗaya cikin 'yan wasan farko in rubuta tarihinsa. Na zaɓi Jack Worrall, domin duk wanda ka tambaya a garin nan wa ya fara aikin koci a babbar gasarsu, sunansa zai kama maka.

Sai na ɗan yi bayanin wasan tukuna, don ba irin ƙwallon da muka sani ba ce. Filin kewayayye ne mai ɗan tsawo, ƙwallon ma doguwa ce, kowane ɓangare mutum 18. Ana cafe ta da hannu, ana buga ta da ƙafa, idan za ka miƙa wa abokin wasanka sai ka ɗora ta a tafin hannu ɗaya ka naushe ta da ɗayan, jifa laifi ne. Kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu. Idan ka buga ta shige tsakanin manyan biyun na tsakiya ka ci maki 6, idan ta bi ta gefe maki 1. A Melbourne aka rubuta dokokinta na farko a watan Mayun 1859, kuma a lokacin sanyinsu ake buga ta, daga wajen Afrilu zuwa Satumba. In zafi ya shigo sai filayen su koma na kurket, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da faffaɗar sanda.

Abin da na fara yi shi ne buɗe kundin alƙaluman gasar, inda ake jera kowane ɗan wasa da yawan wasanninsa. Worrall yana cikin jerin masu horarwa, amma a jerin 'yan wasa babu shi ko sau ɗaya. Dalilin yana cikin tarihin gasar ne. Alƙaluman suna farawa daga 1897, shekarar da kulob takwas, wato Carlton, Collingwood, Essendon, Fitzroy, Geelong, Melbourne, South Melbourne da St Kilda, suka ɓalle daga VFA, tsohuwar hukumar ƙwallon jihar Victoria (inda Melbourne take) da aka kafa a 1877, suka fara tasu gasar mai suna VFL, wadda ita ce ta zama AFL, babbar gasar ƙasar ta yau. Worrall kuwa ya ajiye takalmi tun 1893. Duk wasan da ya yi wa Fitzroy a ƙarƙashin VFA ya yi shi. Saboda haka wanda ke son sanin irin ɗan wasan da ya kasance, ba shi da wata hanya sai jaridun wancan zamani.

A nan Trove ya shigo. Rumbu ne na intanet da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Canberra yake kula da shi, an ɗauki hoton tsofaffin jaridun ƙasar shafi-shafi an zuba a ciki, kuma kyauta ne, ko daga Kano ko Maradi mutum zai iya buɗewa. Kana rubuta suna, sai ka taƙaita binciken da jiha, da shekara, da sunan jarida. Na zaɓi jihar Victoria, na fara daga 1884, shekarar da Fitzroy ta shiga VFA, na riƙa bin The Argus da The Age na ranar Litinin, tunda ranar Asabar ake wasa, sai kuma The Australasian mai fitowa mako-mako. Idan ka buɗe labari, hoton shafin yana dama, a hagu kuma akwai rubutun da kwamfuta ta karanto daga hoton. Matsalar ita ce tawadar shekara ɗari da ɗoriya ta dusashe, kwamfutar takan rikita haruffa, sunan mutum ya koma wani abu daban, bincike ya tsallake shi. Dole na riƙa gwada sunan ta fuskoki daban-daban, wani lokacin in bar sunan gaba ɗaya in nemi rahoton wasan Fitzroy na wannan mako in karanta shi daga sama har ƙasa. Trove yana ba kowa damar gyara rubutun da ya lalace. Na buɗe asusu, duk layin da na ga an ɓata sunansa sai in gyara kafin in wuce. Aikin yana cin lokaci, amma na ji daɗin yinsa, domin wanda zai zo nema bayana zai samu a sauƙaƙe.

Rahotannin suna da tsawo, ƙananan haruffa ne cunkushe, babu hoto, marubutan kuma ba sa sa sunansu na gaskiya, laƙabi suke amfani da shi, irin su Observer a The Argus da Markwell a The Australasian. Sukan bi wasa daki-daki, sannan a ƙarshe su lissafa waɗanda suka fi taka rawa a kowane ɓangare. Wannan sakin layi na ƙarshe shi ne ya fi yi mini amfani. Na ja layuka a littafina, kowane wasa na rubuta kwanan wata, abokin karawa, sakamako, da ko an ambaci Worrall cikin gwanaye. Da shafukan suka fara cika sai siffar mutumin ta fito. Gajere ne kakkaura, aikinsa bin ƙwallo duk inda ta faɗa a fili, yana bugu da ƙafar dama da ta hagu, yana kuma cin ƙwallaye duk da ba a gaba aka ajiye shi ba. Tun 1886 ya zama kyaftin ɗin Fitzroy, kulob ɗin da aka kafa a 1883, wato yana jagorantar ƙungiya sabuwa fil a tsakanin manya irin su Geelong da South Melbourne.

Akwai abin da ya kamata mai karanta waɗannan rahotanni ya sani, in ba haka ba lissafi zai ruɗe masa. Kafin 1897 bugun da ya bi ta gefe ba ya ba da maki. Jarida takan rubuta yawansu, amma ƙwallayen tsakiya kaɗai ake ƙirgawa, shi ya sa kunnen doki ya yi yawa a wancan lokaci. Mutum 20 ne kuma a kowane ɓangare, sai a 1899 aka rage zuwa 18.

Da na zo 1888 sai sunansa ya ɓace daga shafin ƙwallo baki ɗaya. Na juya zuwa shafin kurket, can na same shi. Yana Ingila tare da tawagar Ostareliya, kuma bazarar Ingila ta faɗo daidai da sanyin Melbourne, don haka kakar ƙwallon ta wuce shi. Wannan ya tilasta mini buɗe wani babi da ban zo da shirinsa ba. Worrall ya buga wa ƙasarsa manyan wasannin kurket na ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Test, guda 11 tsakanin 1885 da 1899. Na farkon a MCG ne, babban filin kurket na Melbourne, ranar 1 ga Janairun 1885, lokacin da 'yan wasan Ostareliya suka nemi a ba su rabin kuɗin ƙofa aka ƙi, aka sauya duka goma sha ɗayan da sababbi, shi yana cikin sababbin. A 1896 ya ci wa kulob ɗin kurket na Carlton maki 417 shi kaɗai ba a fitar da shi ba, a wasan da suka tara 922 a kan ƙungiyar Jami'ar Melbourne. A 1899 ya koma Ingila, ya ci 76 a Leeds, wanda shi ne mafi yawan abin da ya ci a Test. Na ajiye batun rikicin kuɗin 1885 a gefe, don na ga alamar zai yi mini amfani a gaba.

Wata Asabar na hau tiram mai lamba 11 na je Edinburgh Gardens, inda tsohon filin Fitzroy na titin Brunswick yake. Rumfar 'yan kallo da aka gina a 1888 tana nan tsaye, kuma har yanzu wata ƙungiya mai sunan Fitzroy tana buga gasar 'yan sa-kai a wurin. Na zagaya filin da ƙafa don in ji faɗinsa a jikina. Wanda aikinsa bin ƙwallo ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, cikin taɓon sanyi, ba tare da canji ba, lallai ƙirjinsa ba irin na kowa ba ne. Ban daɗe ba na koma kan takarduna.

Wurin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne wata lambar yabo. Kusan duk taƙaitaccen tarihin Worrall da ke yawo yana cewa an zaɓe shi gwarzon shekara na Victoria a 1887 da 1890, lambar da ake kira Champion of the Colony. Tunda ina cikin jaridun shekarun, sai na ce bari in samo sanarwar da kanta. Na bi ƙarshen kakar 1887, Satumba da Oktoba, na bi na 1890. Akwai dogayen sharhin ƙarshen kaka, akwai yabon 'yan wasa, Worrall na ciki, amma babu zaɓe, babu taron ba da lamba, babu ko ambaton sunanta. Na aika imel zuwa laburaren kulob ɗin kurket na Melbourne da ke cikin filin MCG, aka ba ni rana, na je da littafina. Ma'aikacin da ya karɓe ni bai yi mamakin tambayar ba. Ya bayyana mini cewa jerin ya fito ne daga wani mai sha'awar tarihin wasan, Cecil Mullen, wanda ya wallafa shi a wajen 1950, kuma masu bincike sun duba jaridun zamanin ba su ga alamar an taɓa ba da irin wannan lamba ba. Jerin ma daga 1856 ya fara, shekara uku kafin a rubuta dokokin wasan. An daɗe ana kwafarsa daga littafi zuwa littafi, har ya shiga kundin hukumar gasar, kafin daga baya a daina sa shi.

Na yi tunani a kan abin da zan yi da wannan. Mullen bai zaɓi rago ba, Worrall yana cikin fitattun shekarun nan, jaridu sun nuna haka. Abin ya yi kama da kirarin da maroƙi ke yi wa jarumi, yana iya dacewa da shi sarai, amma ba a kai shi gaban alƙali a matsayin shaida. Na yanke cewa ba zan sa lambar cikin nasarorinsa ba. Na rubuta jimla biyu da ke bayyana inda maganar ta samo asali, don mai karatu da ya ci karo da ita a wani wuri kada ya ɗauka mantuwa na yi. A ganina mamaci yana da haƙƙi a faɗi gaskiya a kansa, ko da ƙarin da ake yi masa na yabo ne. Haka kuma na rubuta a fili cewa bai taɓa cin kofi yana ɗan wasa ba. Fitzroy ta ci nata na farko a 1895, bayan ya bari.

Ɓangaren horarwa ya fi sauƙin tattarawa, tunda alƙaluman VFL suna nan cif. Daga 1897 zuwa 1901 Carlton ta bakwai take ƙarewa cikin takwas, St Kilda kaɗai ke ƙasanta. A 1902 aka naɗa Worrall sakataren kulob ɗin. Kafin shi, tsarin da aka saba shi ne kwamiti ya zaɓi waɗanda za su buga, kyaftin ya ba da umarni a fili, masu tausa su kula da jikin 'yan wasa, atisaye kuma wanda ya ga dama ya zo. Worrall ya tattaro waɗannan duka a hannunsa. Shi ke neman 'yan wasa, daga ƙauyukan Victoria, daga wasu kulob, har daga wasu jihohi. Ya kawo Mick Grace wanda ya yi suna a Fitzroy, ya kawo George Bruce daga Adelaide, Jim Flynn da ya fito daga Geelong ya zama kyaftin. Yakan sa kayan wasa ya shiga fili tare da su a Princes Park, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya hana sakaci da shaye-shaye, wanda bai zo atisaye ba kada ya sa ran ganin sunansa ranar Asabar. Babu wata doka da ta ƙirƙiro muƙamin. Mutum ɗaya ne ya ga aikin a warwatse ya haɗa shi, da sauran kulob suka ga amfaninsa suka bi.

Na jera shekarun a shafi ɗaya, sai ga hawan a fili. A 1902 ta shida. A 1903 sun shiga zagayen ƙarshe. A 1904 sun kai wasan ƙarshe, Fitzroy, tsohon gidansa, ta doke su. A 1906 suka rama a kan Fitzroy ɗin da maki 94 da 45. A 1907 suka doke South Melbourne 50 da 45. A 1908 wasa ɗaya tak suka rasa a duk kakar, suka doke Essendon 35 da 26 a gaban mutum sama da 50,000. Kofi uku a jere, karo na farko a tarihin VFL.

Sai 1909. A tsakiyar kaka 'yan wasan Carlton da dama suka tayar da ƙayar baya, suna kukan tsananin atisaye da tsaurin horo, da kuma batun kuɗi. Worrall ya sauka daga horarwa a watan Yuli, kyaftin Fred Elliott ya karɓa, suka kai wasan ƙarshe South Melbourne ta doke su da tazarar maki 2, 38 da 36. Bayan ya bar kulob ɗin gaba ɗaya, wasu manyan 'yan wasa da ke goyon bayansa, irin su George Johnson da Charlie Hammond da Frank Caine, suka fice zuwa North Melbourne a VFA, ita kuma ta ci kofin can a 1910.

Daga nan labarin ya yi sauri. Essendon ta ɗauke shi a 1911, ta ci kofi a shekarar a kan Collingwood, ta sake ci a 1912 a kan South Melbourne. Kofi biyar ke nan da kulob biyu cikin shekara bakwai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Essendon ta janye daga gasar a 1916 da 1917, da ta dawo a 1918 ita ce ta ƙarshe a tebur, kuma yana kan kujerar. Na sa wannan ma. Ya bar horarwa bayan kakar 1920, ya ci gaba da aikin jarida, yana rubuta sharhin ƙwallo da kurket a The Australasian da haruffan J.W. a ƙasa. Na karanta da yawa cikinsu a babban laburaren jiha da ke titin Swanston, ƙarƙashin ƙubbar nan ta ɗakin karatun La Trobe. Rubutun mutum ne da ya san wasa daga ciki, ba ya kwana-kwana wajen faɗin ra'ayinsa. An haife shi a 1861 kusa da Maryborough, yankin masu haƙar zinariya, ya rasu a Melbourne ranar 17 ga Nuwamban 1937. A 1996 aka sa shi cikin rukunin farko na zauren gwarazan wasan, shekarar da Fitzroy ta buga wasanta na ƙarshe a AFL kafin a haɗe ta da Brisbane.

Da na zauna rubutawa, komai ya tafi daidai sai sakin layin 1909. Yawancin masu ba da labarin suna nuna 'yan wasan a matsayin butulai, mutum ya ɗauko ku daga ƙasan tebur ya ba ku kofi uku, ku juya masa baya. Zuciyata ma ta karkata can, domin bayan wannan doguwar tafiya da shi na riga na ƙaunaci mutumin. Na kira yayana da ke horar da ƙungiyar matasa a Zariya, na karanta masa abin da na tattara.

Na ce, "Yaya, kai da kake cikin sana'ar, wa ke da gaskiya?"

Ya ce, "Ƙanena, yaran nan me suke ci? Ana biyansu?"

Na gaya masa a hukumance ba a biyansu. Leburori ne da akawu da masu sana'ar hannu, sai sun tashi daga aiki suke zuwa atisaye cikin sanyi da duhu, ga shi kuwa dubun dubatar mutane na biyan kuɗin ƙofa don kallonsu.

Ya ce, "To ka ji. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Horo yana da kyau, ni ma ina yi, kuma in babu shi babu kofi. Amma kada ka rubuta kamar yaran ba su da hujja."

Maganarsa ta sa na koma kan takarduna na duba shekarun da kyau. A 1910 aka dakatar da 'yan wasan Carlton biyu, Alex Lang da Doug Fraser, wasa 99 kowannensu kan zargin karɓar cin hanci. A 1911 VFL ta halatta biyan 'yan wasa a fili. Wato rikicin Carlton ya faru ne a daidai lokacin da tsarin wasa ba albashi yake rushewa, kuma Worrall yana neman aikin ƙwararru daga mutanen da doka ta ce 'yan sa-kai ne. Shi kansa ƙofar da ya shiga kurket ɗin ƙasa da ƙasa a 1885 rikicin kuɗin ƙofa ne ya buɗe ta.

Haka na rubuta sakin layin. Na kawo ƙorafin 'yan wasan yadda yake, na kawo waɗanda suka fice don biyayya gare shi, na ɗora hukuncin 1910 da dokar 1911 a bayansu, sannan na nuna cewa a shekarar farko da aka fara biyan 'yan wasa a fili, ƙungiyar da Worrall ke horarwa ce ta ɗauki kofi. Na tura wa editanmu rubutun tare da kwanan watan kowace jarida da na dogara da ita, ya duba ya mayar mini da tambaya ɗaya kan lambar gwarzon shekara, na aika masa bayanin, aka wallafa.